Darasi Na Shida: Cutar Saifa Ta Fata Da Yadda Take Kama Masu Hulɗa Da Dabbobi

Manufofin Darasi

Bayan kammala wannan darasi, ana so ɗalibi ya iya:

1. faɗin abin da ke kawo cutar saifa da inda ƙwayarta ke ɓuya;
2. gane alamunta a jikin dabba da kuma a fatar mutum;
3. lissafa abubuwan da ke jefa mutum cikin haɗarin kamuwa da ita;
4. bayyana abin da ya kamata a yi idan dabba ta faɗi farat ɗaya;
5. sanin wanda za a sanar da kuma inda za a nemi magani.

Gabatarwa

A ƙasar Gwandu da Kalgo, da wuya ka shiga gida ba ka tarar da akuya ko tunkiya a turke ba. Da rani makiyaya na gangarawa da shanu fadamar gulbin da ya biyo ta Argungu da Birnin Kebbi. Mahauta na yanka kullum da safe, majema da dukawa na cin abinci da fata, mata kuma na kiwon ragunan layya a cikin gida. Ga shi Jihar Kebbi ta yi iyaka da Nijar da Benin, dabbobi na shiga suna fita ta garuruwan kan iyaka irin su Kamba. Ke nan hannunmu ba ya rabuwa da jikin dabba. Akwai cutar da ke bin wannan hannun ta shiga jikin mutum, kuma yawanci takan shiga ne a ranar da aka yi gaggawar sa wa dabba mara lafiya wuƙa.

1. Mece Ce Cutar Saifa?

Cutar saifa ciwo ne na dabbobi masu cin ciyawa: shanu, tumaki, awaki, raƙuma, dawaki da jakuna. Wata ƙwayar bakteriya ce ke kawo ta, wadda ido ba ya iya gani sai da madubin likita. Wani likita Bajamushe mai suna Robert Koch ne ya tabbatar da haka a shekarar 1876. A 1881 kuma Louis Pasteur na Faransa ya gwada allurar rigakafinta a kan tumaki a gaban jama'a, aka ga ta yi aiki.

> Akwatin Ma'ana
> Cutar saifa: ciwon dabbobi da ke kashewa cikin sauri, wanda kuma ke kama mutum. Likitoci na kiranta antaraks.
> Bakteriya: ƙananan halittu da ido ba ya gani, wasunsu na kawo cuta.
> Ƙwayar kwanta: bakteriyar da ta yi wa kanta ɓawo mai tauri, ta kwanta a ƙasa tana jiran jikin da za ta shiga.

Ga abin da ya sa wannan cuta ke da wuyar sha'ani. Muddin ƙwayar na cikin gawar da ba a buɗe ba, ruɓewar gawar kan kashe mafi yawanta cikin 'yan kwanaki. Amma da zarar an farke ciki, jini ya zuba, iska ta taɓa ta, sai ta yi ɓawo ta koma ƙwayar kwanta. Daga nan zafin rana ba ya kashe ta, bushewa ba ta kashe ta, gishiri ma haka. Takan yi shekaru gommai a cikin ƙasa da ranta. A 2016, a yankin Yamal na arewacin Rasha, cutar ta ɓarke bayan an shafe shekaru masu yawa ba a ji ɗuriyarta ba. Dabbobin kiwo sama da 2,000 suka mutu, wani yaro ma ya rasu.

Dabba na ɗaukar ƙwayar ne wajen kiwo, musamman idan ciyawa ta yi gajarta tana haɗawa da ƙasa, ko wajen shan ruwan da ya kwanta. Ambaliya da haƙar ƙasa kan tono ƙwayoyin da suka daɗe a binne su fito sarari. Saboda haka mazauna bakin fadama, inda ruwa ke malala da damina kamar yadda aka gani a Kebbi a 2020, su ne ya fi kamata su riƙe wannan darasi da kyau.

2. Alamunta A Jikin Dabba

Sau da yawa babu wata doguwar jinya. Saniyar da aka shigar garke da yamma lafiya lau, da safe sai a tarar da ita kwance. Ga alamun da za a lura da su:

- mutuwa farat ɗaya, ko zazzaɓi da rawar jiki da haki na ɗan lokaci;
- jini na fita ta hanci, ta baki ko ta dubura;
- jinin baƙi ne, kuma ba ya daskarewa;
- gawar na kumbura da wuri, ƙafafu ba sa sandarewa yadda aka saba;
- idan an riga an farke ta, saifar ta kumbura ta yi baƙi ta yi laushi.

Ba labarin nesa ba ne. A watan Yunin 2023 cutar ta ɓulla a arewacin Ghana, har Ma'aikatar Noma ta Tarayya ta gargaɗi 'yan Najeriya game da cin ganda. A watan Yulin shekarar aka ga shanu da tumaki da awaki na zubar da jini a wata gona da ke Ƙaramar Hukumar Suleja ta Jihar Neja, Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato ta gwada ta tabbatar cutar ce. A watan Janairun 2025 kuma hukuma ta ba da sanarwar ɓullarta a Jihar Zamfara. Neja da Zamfara duka maƙwabtan Kebbi ne.

3. Yadda Take Bayyana A Fatar Mutum

Cutar na shiga jikin mutum ta hanya uku: ta fata, ta cin naman dabbar da ta kamu, da ta shaƙar ƙurar fata ko gashi. Cikin kowane mutum 100 da suka kamu, sama da 95 ta fata ne. Ƙwayar na neman ƙofa ce kawai: yankan wuƙa, kartar ƙashi, sukar ƙaya, faso, ko gefen farce da ya tsage.

Ga yadda take tafiya:

1. Tsakanin kwana 1 zuwa 7 da taɓa dabbar, wani ɗan ƙurji mai ƙaiƙayi zai fito, kamar cizon sauro.
2. Bayan kwana ɗaya ko biyu, ya ɗuri ruwa, wani lokaci da ƙananan ƙuraje kewaye da shi.
3. Ya fashe, tsakiyarsa ta lotsa ta yi ɓawo baƙi ƙirin.
4. Kewayen wurin ya kumbura sosai, wataƙila da kaluluwa da zazzaɓi.

Ƙurjin ya fi fitowa a hannu, damtse, wuya da fuska. Babban abin da ke ruɗin mutane shi ne yawanci ba ya zafi, kuma ba ya tara mugunya irin ta maruru. Sai mutum ya ce ai ƙaramin abu ne, ya ci gaba da harkarsa. Alhali idan ba a yi magani ba, cikin mutum 5 ana iya rasa 1, domin ƙwayar kan shiga jini. Idan kuwa aka fara magani da wuri, waɗanda ke rasuwa ba su kai 1 cikin 100 ba.

> Akwatin Ma'ana
> Saifa ta fata: nau'in cutar da ke shiga ta rauni, ya fito da ƙurji mai baƙin ɓawo.
> Kwanakin ɓuya: tsakanin ranar da ƙwaya ta shiga jiki da ranar da alama ta fara bayyana.
> Abin haɗari: duk wani aiki ko hali da ke sa cuta ta fi saurin samun mutum.

4. Abubuwan Da Ke Jefa Mutum Cikin Haɗari

Na farko, yanka dabbar da ke gargara. Kowa ya san yadda ake yi. Saniya ta faɗi, sai a ji ana cewa, "A kawo wuƙa kada ta zama mushe!" Niyyar mai kyau ce: a tsare dukiya, a tsare halal. Amma a daidai wannan lokacin jinin dabbar da ta kamu cike yake da ƙwayoyin cuta. Mai yanka da masu danne ta duk jini zai wanke musu hannu. Yanka na raba nama da hukuncin mushe, amma ba ya raba shi da cuta. Wannan shi ne haɗari mafi girma a cikin darasin nan.

Na biyu, fiɗa. Mai fiɗa ya fi kowa daɗewa hannunsa na cikin jini, ga wuƙa mai kaifi, ga tsinin ƙashi. Wasu kuma idan dabba ta riga ta mutu, sun san namanta haram ne, sai su ce bari a cire ko da fatar ce a rage asara. Wannan fiɗar ta mushe na jawo ɓarna biyu: ta sa wa mai yin ta cuta, ta kuma shuka ƙwayar kwanta a wurin.

Na uku, ɗauka da rabon nama. Wanda ya saɓa ƙirgi ko cinya a kafaɗa, ƙurjinsa kan fito a wuya ko kumatu. Idan aka yi watanda, nama ya watsu gidaje da yawa cikin sa'a guda, haɗarin ma ya watsu tare da shi.

Na huɗu, gyaran nama a cikin gida. Mace ce ke wanke tumbi da hanji, ta yayyanka nama, ta babbake kai da ƙafa. Hannun da ya sha daka da surfe da wanki ba ya rasa tsagewa. Yara kuma na tsaye a gefe suna taya miƙo abu. Sau da yawa ana mantawa da su idan ana lissafin waɗanda suka taɓa dabbar.

Na biyar, sana'ar fata da gashi da ƙashi. Shanya fata a rana ko zuba mata gishiri ba ya kashe ƙwayar kwanta. Majemi, baduku, mai ɗaure ganga, mai sayar da ganda, duk suna iya karɓar cutar daga fatar dabbar da ba su taɓa gani ba. A 2006 wani mai haɗa ganguna a birnin New York na Amurka ya kamu da ita daga fatun da ya kai can daga Afirka ta Yamma.

Na shida, rauni a buɗe da rashin abin kariya. Aiki ba safar hannu, tafiya ba takalmi a mayanka, da sosa fuska da hannu mai jini.

Na bakwai, garken da ba a yi wa rigakafi ba. Idan dabba ba ta kamu ba, mutum ba zai kamu ba. A Zimbabuwe, lokacin da yaƙi ya hana yi wa shanu allura a ƙarshen shekarun 1970, mutane kusan 10,000 suka kamu, mafi yawansu ta fata.

Na takwas, wuri da lokaci. Filin da dabba ta taɓa mutuwa da wannan cuta, ƙarshen rani da farkon damina, bayan ambaliya, da lokacin da ƙudaje masu cizo suka yi yawa.

A lura: cutar ba ta yaɗuwa tsakanin mutane ta gaisawa, ko zama wuri ɗaya, ko cin abinci tare. Kada a guji wanda ya kamu. A dai rufe ƙurjin da bandeji, mai wanke masa kuma ya sa safar hannu.

5. Misalai Daga Rayuwar Yau Da Kullum

Waɗannan misalai an tsara su ne don koyarwa.

Misali na 1: Su wa ke cikin haɗari?
A wani ƙauye kusa da Gwandu, sa ya faɗi da hantsi, jini na ɗiga ta hancinsa. Mutum 2 suka danne shi, 1 ya yanka, 3 suka feɗe, wani saurayi 1 ya saɓa ƙirgin ya kai wa majemi 1. Aka kasa naman gida 8, a kowane gida mace 1 ta gyara shi.

*Tambaya:* Mutum nawa suka taɓa jini, nama ko fata?
*Amsa:* 2 + 1 + 3 + 1 + 1 + 8 = 16. Masu yanka da fiɗa ne kan gaba a haɗari, sai mata masu gyara, sai ɗan dako da majemi. Rabin adadin mata ne da ba su ma je wurin yankan ba. Duk su 16 ya kamata a rubuta sunayensu a kai wa ma'aikacin lafiya, tare da duk wanda ya ci naman.

Misali na 2: Ƙurjin da ba ya zafi
Wata uwar gida a Kalgo ta gyara naman akuya da aka sayo da araha ranar Talata. Ranar Juma'a ɗan ƙurji ya fito mata a bayan hannu. Ranar Lahadi tsakiyarsa ta fara baƙi, hannun ya kumbura har wuyan hannu. 'Yarta ta gani ta ce, "Inna, wannan hannun naki fa?" Ta ce, "Ƙyale shi, 'yar nan, ko zafi ba ya yi." 'Yar ta ce, "Don Allah Inna ki yi haƙuri mu je asibiti yau. An koya mana cewa irin wanda ba ya zafin shi ne abin tsoro."

*Tambaya:* Waɗanne abubuwa ne suka nuna gaskiyar 'yar?
*Amsa:* An taɓa naman da ba a san asalinsa ba. Ƙurjin ya fito bayan kwana 3, wato cikin kwanakin ɓuya. Ya yi baƙi, ya kumbura, ba ya zafi. Abin yi shi ne zuwa asibiti a ranar, a kuma gaya wa likita maganar naman tun kafin ya tambaya.

Misali na 3: Mahaucin da ya mayar da wuƙarsa kube
An kira wani mahauci ruga da sassafe, ya tarar da saniya kwance, cikinta ya kumbura, baƙin jini na fita ta bayanta. Mai ita ya ce, "Malam, taimaka ka yanka, ko rabin kuɗi ne a samu." Mahaucin ya ce, "Baba, Allah ya mayar da alheri, amma wannan ba ta yankuwa. Mu sanar da Ardo a kira malamin dabbobi, kada sauran su bi ta."

*Tambaya:* Me aka yi asara, me aka tsira da shi?
*Amsa:* An yi asarar saniya 1. An tsira da lafiyar duk waɗanda da za su taɓa ta, da sauran garken, da filin kiwon da jini zai gurɓata shekara da shekaru.

6. Abin Yi Idan Dabba Ta Faɗi Farat Ɗaya

1. Kada a yanka, kada a feɗe, kada a farke ciki.
2. Kada a ja gawar a ƙasa zuwa wani wuri.
3. A rufe ta da leda mai kauri ko ƙaya, don karnuka da ungulaye.
4. A kawar da sauran dabbobi daga wurin, kada a kai ko ɗaya kara har sai malamin dabbobi ya ba da izini.
5. A sanar da mai unguwa, Ardo ko Sarkin Fawa, a kai rahoto ofishin kula da dabbobi na ƙaramar hukuma.
6. A ƙone gawar ƙurmus, wannan ya fi. In ba hali, a binne ta a rami mai zurfin kamar mita 2, nesa da rijiya da hanyar ruwa, tare da ƙasar da jini ya taɓa.
7. Duk wanda ya taɓa ta ya wanke hannu da sabulu nan take, ya riƙa duba fatarsa har mako biyu.

7. Magani Da Rigakafi

Saifa ta fata na jin magani. Likita na ba da magungunan kashe bakteriya irin su fenisilin ko doksisaikilin, shi ne kuma zai faɗi yawan da za a sha da tsawon kwanakin. Kada a matse ƙurjin, kada a kai wa wanzami ya tsaga, kada a ɓamɓare ɓawon, kada a sayi ƙwayoyi a kasuwa a sha da ka. A fara da asibitin da ya fi kusa. Idan kumburin ya kai wuya ko fuska, ko numfashi ya fara wuya, a garzaya babban asibiti, kamar Asibitin Tunawa da Sir Yahaya da ke Birnin Kebbi.

Ga dabbobi kuwa akwai allurar rigakafi. Wadda ake amfani da ita a yawancin ƙasashe, wani masani mai suna Max Sterne ne ya samar da ita a Afirka ta Kudu cikin shekarun 1930, cibiyar Vom kuma na haɗa ta a nan Najeriya. Sau ɗaya ake yi a shekara, ga dabba mai lafiya. A tambayi malamin dabbobi tsawon lokacin da za a jira kafin a yanka dabbar da aka yi wa. Rigakafi ya fi magani, kuma allurar garke guda ba ta kai kuɗin saniya ɗaya ba.

> Akwatin Ma'ana
> Rigakafi: allurar da ake yi wa mai lafiya don jikinsa ya iya kare kansa.
> Killacewa: tsare dabbobi wuri ɗaya, ba shiga ba fita, har a tabbatar cuta ta wuce.

Taƙaitawa

Cutar saifa na kwance a ƙasa, ta kama dabba, daga dabba ta shiga mutum ta rauni a fata. Mafi haɗari su ne masu yanka, masu fiɗa, masu gyaran nama da masu sana'ar fata. Alamarta ƙurji ne mai baƙin ɓawo da kumburi, wanda ba ya zafi. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya ba a sa mata wuƙa. A yi wa garke allura duk shekara, a kuma je asibiti da wuri.

Tambayoyin Bita

1. Mece ce ƙwayar kwanta, kuma me ke sa bakteriya ta koma haka?
2. Kawo alamu 4 na cutar saifa a jikin dabba.
3. Bayyana yadda ƙurjin ke canzawa daga fitowarsa har ya yi ɓawo.
4. Me ya bambanta wannan ƙurji da maruru?
5. Lissafa abubuwan haɗari 5, ka faɗi wanda ya fi yawa a garinku.
6. Gaskiya ko ƙarya: (a) Gishiri na kashe ƙwayar cutar a jikin fata. (b) Ana ɗaukar cutar ta gaisawa da hannu. (c) Yanka dabba kafin ta mutu na raba namanta da cuta.
7. Cike gurbi: Idan ba a yi magani ba, cikin mutum ____ ana iya rasa 1.
8. Mutum 3 sun feɗe tunkiya, 2 sun ɗauki naman, an raba gida 6, mace 1 ta gyara a kowane gida. Mutum nawa za a sa wa ido?
9. Maƙwabcinka ya turo a ara masa wuƙa don saniyarsa na gargara, jini na fita ta hancinta. Me za ka ce masa, kuma wa za ka sanar?
10. Aikin gida: Ka binciko inda malamin dabbobi mafi kusa da ku yake zama, da lokacin da aka yi wa dabbobin unguwarku allura ta ƙarshe, ka kawo amsa a zama na gaba.